Filin Tambayi Likita: Kalmar Asibiti da Kalmar Gida

Wasiƙun wannan wata kusan duk hanya ɗaya suka bi. An faɗa wa mutum wata kalma a asibiti, ko ya gan ta a takardar gwaji, ko ya ji ta a rediyo, ya koma gida yana jujjuya ta. Shi ya sa muka haɗa su wuri guda. Likitan yara da ma'aikaciyar sashen abinci mai gina jiki da jami'in sa ido kan cututtuka ne suka zauna suka amsa. Mun taƙaita wasiƙun, mun kuma sakaya sunaye kamar yadda muka saba.

Assalamu alaikum. Jikana kwanansa uku a duniya idonsa ya yi ɗorawa. Na ce shawara ce, a jiƙa masa magani a riƙa fitar da shi hantsi, uwar ta ce ungozomar asibiti ta ce a mayar da shi. Ubansa kuma an taɓa ce masa yana da shawara a jini. Ko gado yaron ya yi?
*Wata kaka daga Funtuwa*

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya. Mu fara da abin da ba ya jira: a bi maganar ungozoma yau, kada a ce sai an yi suna.

Shawara a bakin Bahaushe buhu ce da aka zuba abubuwa da yawa a ciki. Rawayar ido ita kanta alama ce, kamar zazzaɓi, kuma cututtuka daban-daban ne ke kawo ta. Jajayen ƙwayoyin jini suna yin kimanin kwana 120 su mutu, idan sun mutu su bar wani launi rawaya da asibiti ke kira bilirubin. Hanta ce ke tace shi, ta tura shi maɗaciya, ya fita ta bayan gida. Idan jini yana fashewa fiye da ƙima, kamar a maleriya mai tsanani ko sikila, ko hanta ta kumbura, ko hanyar maɗaciya ta toshe, sai launin ya taru ya bayyana a ido.

Jariri hantarsa ba ta gama ƙwari ba, don haka jarirai da yawa sukan yi ɗan rawaya daga kwana na biyu ko na uku, ta washe kafin mako biyu. Matsalar ita ce ido ba ya iya raba wadda za ta wuce da wadda za ta yi ɓarna, sai an auna jini. Idan bilirubin ya yi yawa yakan shiga ƙwaƙwalwa, kuma abin da ya lalata ba ya dawowa: yaro ya tashi kurma, ko wuyansa ya ƙi tsayawa, ko ya kasa zama. Ku duba shi a hasken rana, ba a hasken fitila ba. A danna goshinsa ko kan hancinsa da yatsa a ɗaga, a ga launin wurin, a kuma duba dasashi. Rawayar daga kai take farawa ta gangara. Idan ta kai tafin hannu da tafin ƙafa, ko ta fito tun ranar haihuwa, ko yaro ya ƙi kama nono, ya cika barci, yana kuka mai tsini, yana banƙarewa, to ko tsakar dare ne a tafi.

Maganinta a asibiti shi ne a kwantar da shi ƙarƙashin wata fitila mai shuɗin haske, an rufe masa ido, daga shi sai kunzugu. Idan ta yi nisa a sauya masa jini. Hantsi ba ya maye gurbin fitilar nan, sai dai ya ƙona fatar yaro ya busar da ruwan jikinsa, lokaci kuma yana tafiya. Jiƙo da ruwan gulukos su ma a ajiye. Nono ne abin ba shi, sau 8 zuwa 12 a yini da dare, domin kashi ne ke fitar da launin. Sannan a fitar da kafur daga akwatin kayansa, kada kuma a sa masa lalle. Akwai wani rauni na jini da ake gada, sunansa G6PD, ya yawaita a yaranmu maza, kuma kafur da lalle suna fasa jinin mai shi.

Ta ubansa daban ce. Idan takardarsa an rubuta HBsAg fozitif, ciwon hanta ne nau'in B, kuma ƙwayar bairos ce ke kawo shi, ba gado ba. Tana bin jini da saduwa, tana bin uwa zuwa jariri, tana bin askar da aka yi wa wani aiki da ita ba a dafa ba, wajen kaciya ko tsaga ko cire beli. Ba ta bin cin abinci kwano ɗaya, ba ta bin gumi. Yawancin masu ɗauke da ita ma idonsu fari tas. Jaririn da ya kamu tun haihuwa, tara cikin goma ƙwayar takan zauna musu har girma, alhali babba da ya kamu bai kai ɗaya cikin ashirin ba. Dalilin allurar farko ke nan da ake so a yi cikin awa 24 da haihuwa. Idan ba a yi wa jikanki ba, a yi masa a wannan zuwan, sauran kuma a mako 6 da 10 da 14. Uwar ma a gwada ta.

Akwai kuma zazzaɓin shawara da sauro ke yaɗawa, wanda ake yi wa yaro allurarsa a wata 9, sau ɗaya ta ishe shi har tsufa. Shi ne na katin nan rawaya da ake tambayar matafiya.

Likita ya rubuta mini "BD x 5/7" da "TDS" da "PRN". Mai kemis ya ja layuka a jikin leda bai yi mini bayani ba.
*Wani tela daga Gombe*

Malam, gajerun kalmomi ne, yawancinsu daga Latin. OD sau ɗaya a rana, BD sau biyu, TDS sau uku, QDS sau huɗu. Nocte na nufin da dare kafin kwanciya. Stat na nufin a sha yanzu, sau ɗaya. PRN kuwa sai buƙata ta taso, kamar maganin ciwon kai. Lambar da ke biye tsawon lokaci ne: 5/7 kwana biyar, 2/52 mako biyu, 1/12 wata ɗaya.

Inda ake yawan kuskure shi ne "rana" a nan awa 24 ce. BD na nufin duk awa 12, TDS duk awa 8, misali shida na safe, biyu na rana, goma na dare. Mai haɗiye ukun tsakanin karin kumallo da la'asar ya bar jininsa babu magani dare guda, kuma a wannan tazarar ƙwayoyin cuta ke farfaɗowa. Maganin ruwa na yara kuma a auna shi da murfin awo ko sirinji. Cokalin da likita ke nufi mililita 5 ne, cokulan gida kuwa kowanne da girmansa.

An zagaya hannun 'yata mai wata 14 da wani tef mai launi, aka ce ta shiga ja, tana da tamowa, aka ba mu abincin leda. Ɗan abokiyar zamana kuwa kumatunsa da ƙafafunsa sun cika, amma shi ma aka ce tamowa ce, har aka kwantar da shi. Yaya mai ƙiba zai fi ramammiya ciwo?
*Wata uwa daga Maraɗi*

'Yar'uwa, abin da ke jikin yaron nan ruwa ne, ba ƙiba ba. Ga yadda ake rabewa: a danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa, a ƙirga daƙiƙa uku, a ɗaga. Idan rami ya zauna a duka biyun, kumburin tamowa ne. Sau da yawa za ki ga gashinsa ya yi ja ya yi laushi, fatarsa tana saɓulewa kamar tsohon fenti, ga shi ba ya wasa, ba ya son a taɓa shi. Likitoci na kiran wannan kwashiyoko, kalmar mutanen Ga ce ta yankin Akara a Gana, ma'anarta ciwon yaron da aka ture saboda ƙaninsa ya zo. Wata likita mai suna Cicely Williams ce ta shigar da ita littattafan likitanci a 1935. Mu nan sai mu ce ɗan kwanika. Amma ba nonon mai ciki ne ke cutar da shi ba, kamar yadda ake faɗa. Yaye shi da ake yi rana ɗaya a ɗora shi kan koko tsararo, ga gudawa, ga ƙyanda, su ne ke kayar da shi.

Tamowa suna ne da ya rufe abu uku. Akwai ƙanjamewa, wato nauyin yaro ya gaza abin da ya dace da tsayinsa, kuma takan zo cikin makonni. Akwai kumburin da muka faɗa. Akwai tsumburewa, wato tsayinsa ya gaza shekarunsa. Ita wannan a hankali take ginuwa, tun daga ciki har shekara biyu, kwanaki 1,000 na farko, kuma idan ta wuce nan da wuya ta gyaru. Ita ce ba a cika lura da ita ba, sai a ce gajartar gidansu ce.

Tef ɗin da aka sa wa 'yarki na yara ne daga wata 6 zuwa shekara 5. A hannun hagu ake sa shi, daidai tsakiya tsakanin kan kafaɗa da gwiwar hannu, hannun yana sake, ba a matse ba, ba a bar shi yana lilo ba. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani. Daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5 rawaya. Daga 12.5 kore. Damtsen da ya shiga ja, babba zai zagaye shi da babban yatsa da manuni har da saura.

Abincin ledar nan gyaɗa ce da garin madara da sukari da mai da sinadaran bitamin, kowace leda giram 92, tana ba da kalori 500. Ku mutanen Maraɗi kun san shi tun yunwar 2005, lokacin da aka fara raba shi da yawa ana jinyar yara a gida maimakon a kwantar da kowa. Magani ne, kuma bisa nauyin yarinyar aka ƙirga miki adadin. Idan yayyenta suka lasa, ko aka sayar da leda biyu aka sayo garin tuwo, lissafin ya rushe, za ki koma awo a ga ba ta motsa ba. Kada a dama shi da ruwa ko a zuba cikin kunu, domin rashin ruwa a cikinsa ne ke hana shi lalacewa. A wanke hannu, a yaga gefe, ta riƙa tsotsa kaɗan-kaɗan, a fara ba ta nono, a ajiye ruwa mai tsafta kusa don yana sa ƙishi.

Abin da ya sa aka sallame ki aka riƙe shi: kafin a ba uwa leda sai an gwada yaro a gabansu ko zai ci. Wanda ya ci, ba zazzaɓi mai zafi, ba amai, ba kumburi mai yawa, gida zai koma. Wanda ya ƙi ci ko ya kumbura sosai, zuciyarsa da hantarsa sun yi rauni, abinci mai nauyi farat ɗaya na iya kashe shi. Sai a fara da wata madara marar ƙarfi, F-75, kaɗan-kaɗan duk awa biyu ko uku har cikin dare, a lulluɓe shi don sanyi da faɗuwar sukari ne ke ɗauke su da asuba. Shi ya sa ma'aikata ke ƙin sa musu ƙarin ruwa ta jijiya sai dole, ko da dangi sun matsa, kuma ba a ba su maganin ƙarin jini a kwanakin farko. Nauyinsa zai fara raguwa yayin da kumburin ke saɓewa. Kada hankalin uwarsa ya tashi, alamar sauƙi ce.

Ba a sallama daga shirin sai tef ya kai 12.5 kuma an yi mako biyu babu kumburi. Daga nan aikin tukunyarki ne. Awo 6 na gero ko dawa ko masara, awo 3 na waken suya, awo 1 na gyaɗa, a soya kowanne daban, a cire ɓawon waken, a niƙa tare. A dama shi da kauri yadda zai zauna a cokali ba ya zuba, a ɗiga manja, a barbaɗa garin zogale ko na busasshen kifi. Mai wata 14 tana buƙatar ci sau 3 zuwa 4 a rana ban da ɗan abin taɓawa, a kwanonta ita kaɗai.

Ina da cikin wata bakwai. A wajen awo an ce jinina ya yi ƙasa, PCV 27. A ranar kuma aka ce jinina ya hau, 150/95. Wanne zan ɗauka?
*Wata mai juna biyu daga Zariya*

Duka biyun, Malama, domin abu biyu aka auna, kalmar jini ce kawai ta haɗa su. PCV yana faɗin kashi nawa cikin ɗari na jininki ne jajayen ƙwayoyi. Ga mai ciki, ƙasa da 33 ƙarancin jini ne, ƙasa da 21 mai tsanani. Idan an rubuta Hb, wato awon sinadarin da ke cikin jajayen ƙwayoyin, ninka shi uku zai ba ki kusan PCV, wato naki Hb wajen 9 ne. Awon hannu kuwa ƙarfin da jini ke bugun bangon jijiya yake nunawa. Ki ɗauki tiyon ban ruwa: ruwan ciki na iya zama tsararo, amma idan aka matse bakin tiyon zai fita da ƙarfi. Hawan jini ba yawan jini ba ne, shi ya sa ƙaho ko ba da jini ba sa maganinsa.

Na biyun ya fi gaggawa. Awon da ya kai 140/90 bayan mako 20 na ciki, sai an duba fitsari. Idan akwai furotin a ciki, hanyar jijjiga ce. Ki koma cikin kwana ɗaya ko biyu a sake aunawa, kada ki jira ranar awo ta gaba. Ciwon kai da ba ya jin magani, ganin dishi-dishi ko walƙiya, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, kumburin fuska da hannu, ko raguwar motsin ɗa: ko ɗaya kika gani, asibiti nan take, wanda ke da ɗakin tiyata. Rage gishiri da dunƙule da kanwa yana da kyau, amma ba ya tsayar da wannan nau'in, sai magani da sa ido.

Ƙarancin jinin kuma, ƙwayar ayon, wato sinadarin ƙarfe mai gina jini, da folik asid kullum. Bayan gida zai yi baƙi, ba komai ba ne. Kada ki kora ta da shayi, yana hana jiki tsotse ta, a bar tazarar awa biyu. Lemon zaƙi ko gwaiba suna taimaka mata. Maltina da madara da ake haɗa wa mai ciki daɗi ne da sukari, ayon ɗin ciki bai taka kara ya karya ba. Nama da kifi da wake da ganye sun fi su. Ki karɓi ƙwayoyin SP na rigakafin maleriya duk wata, ki kwana a gidan sauro, a ba ki maganin tsutsar ciki, don su biyun ne manyan ɓarayin jini a wajenmu. Jini ba ya hawa cikin kwana uku, a sake gwaji bayan mako biyu zuwa huɗu.

Ina fassara labarai a gidan rediyo. Endemik, efidemik, fandemik, duk annoba muke cewa. Akwai bambanci? Kuma me ya sa hukuma za ta ce mutum 500 ake zargi, 30 aka tabbatar?
*Wani mai fassara daga Sakkwato*

Akwai, Malam, kuma mun ji daɗin tambayar, don abin da kuka faɗa da safe shi ake maimaitawa a majalisa da yamma.

Endemik cuta ce zaunanniya, wadda ta zama 'yar gida, ana sanin adadinta da lokacinta, kamar maleriya da damina. Idan adadin ya zarce abin da aka saba gani a wuri ɗaya, unguwa ko makaranta ko ƙaramar hukuma, ɓarkewa ce. Idan ta faɗaɗa, annoba. Idan ta ketare nahiyoyi, annobar duniya, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta kira korona ranar 11 ga Maris 2020. Kalmomin nan yaɗuwa suke aunawa, ba muni ba. Maleriya ba a kiranta annoba, amma duk shekara tana kashe yaran da annoba da yawa ba su kashe ba.

"Abin da aka saba" kuma da lamba ake yanke shi. A sanƙarau, yankin da ke da mutum 30,000 zuwa 100,000, idan aka samu 3 cikin 100,000 a mako guda an shiga matakin faɗakarwa, idan aka kai 10 an shiga annoba. Wato gunduma mai mutum 80,000, mutum 8 a mako sun isa. Wasu cututtukan ba a jiran lissafi: shan inna, ko zazzaɓin shawara, mutum ɗaya da aka tabbatar ya isa a tashi tsaye.

Wanda ake zargi shi ne mai alamomin da aka rubuta wa ma'aikata, misali zazzaɓi farat ɗaya da sanƙarewar wuya. Wanda aka tabbatar shi ne wanda ɗakin gwaji ya ga ƙwayar a jikinsa, a sanƙarau sai an ɗebi ruwan ƙashin baya. Ba kowa ake ɗiba ba, ba kowane samfur ne ke isa da lafiyarsa ba, kuma da zarar an gane ƙwayar da ke yawo ba a tsayawa gwada kowa kafin a ba shi magani. Don haka kada ku ce "mutum 30 kacal suka kamu", kada kuma ku ce 500 sun kamu. Ku faɗi lambobin biyu da sunayensu.

Sai adadin mace-mace cikin waɗanda suka kamu. Idan 500 suka kwanta da amai da gudawa 10 suka rasu, kashi 2 cikin ɗari ke nan. A kwalara, inda ake samun ruwan gishiri da sukari da ƙarin ruwa a kan lokaci, bai kamata ya kai kashi 1 ba. Idan kuka ga 4 ko 5, ba lallai ƙwayar ce ta ƙara dafi ba. Yawanci mutane ne ke isowa a makare, ko kuma masu sauƙin ciwo ba su zo an ƙirga su ba. Tambayar da ɗan jarida zai yi ke nan.

Wasu biyu da ake cakuɗawa: sababbin kamu, da masu ɗauke da cuta a halin yanzu. Ku ɗauki randa. Ruwan da ake zubawa yau shi ne sababbin kamu, wanda ke cikin randar shi ne masu ɗauke da ita. Maganin HIV ya sa mutane sun daina mutuwa da wuri, don haka randar na iya cika alhali abin da ake zubawa ya ragu.

Kwanakin ƙyanƙyasa su ne tsakanin shigar ƙwaya da fitowar alama. Kwalara daga awoyi zuwa kwana 5, ƙyanda wajen 10 zuwa 14, zazzaɓin Lassa har 21, shi ya sa ake bibiyar wanda ya yi jinyar mai Lassa mako uku. Ana ninka mafi tsawon kwanakin sau biyu kafin a ce annoba ta ƙare. Da kwana 42 aka yi wa Najeriya lissafi kafin a ce ta rabu da Ebola ranar 20 ga Oktoba 2014.

Ku kiyayi "an kawar da ita" ma. Cutar ɗan Adam ɗaya ce tak aka shafe daga duniya, agana, a 1980. Kurkunu an tabbatar da Najeriya da Nijar sun rabu da shi a 2013, shan inna na daji an ce ya bar Afirka a Agustan 2020, amma yana nan a Pakistan da Afganistan, don haka ɗigon bai ƙare ba. Haka "an yi mana allurar sanƙarau". Annobar 1996, wadda ta kama sama da mutum 100,000 a Najeriya ta kashe sama da 11,000, nau'in A ce. Allurar MenAfriVac da aka fara a Nijar a 2010, a Najeriya a 2011, ta karya lagon A. Wanda ya auka wa Zamfara da Sakkwato a 2017 nau'in C ne, wanda waccan allurar ba ta rufe ba. Sai a 2024 Najeriya ta fara amfani da mai rufe nau'i biyar.

Duk lokacin da na yi zazzaɓi gwaji sai ya nuna taifot 1/160. Sau huɗu ke nan bana. Ta zauna mini ne?
*Wani ɗan kasuwa daga Kano*

Alhaji, da wuya. Gwajin da ke ba da irin wannan lamba sunansa Widal, kuma ba ƙwayar taifot yake gani ba, sawun da garkuwar jiki ta bari yake gani. Wanda ya taɓa haɗuwa da ita ko danginta shekarun baya, ko aka yi masa allurarta, ko ma maleriya ke damunsa, zai iya nuna 1/80 ko 1/160 yana lafiya lau. Kama da wane ba ta wane. Gwajin da ke tabbatarwa shi ne a ɗebi jini a shuka shi a ga ko ƙwayar za ta tsiro, yana cin kwana biyu zuwa biyar, kuma kafin a fara shan magani ake ɗiba. Taifot ta gaske zazzaɓi ne da ke hauhawa kullum har ya wuce mako, da ciwon ciki da kasala mai kayar da mutum, idan aka bar ta takan huda hanji a mako na uku. Ba ta zuwa ta tafi duk wata uku. Zagaye huɗu na maganin taifot irin su sifro a shekara kuwa koya wa ƙwayoyin cikinka jure magani kake yi. Ka je a duba ka daga tushe, har da fitsari da sukari da awon jini.

Ni O fozitif ce, wanda zan aura ma O fozitif. An ce mu yi gwajin jinotayif. Ba shi ke nan ba?
*Wata ɗaliba daga Bauci*

Ba shi ba ne, 'yata. Rukunin jini, A da B da AB da O, na ƙarin jini ne. Fozitif ko nagetif da ke biye shi ne Rhesus, kuma yana da muhimmanci ga mace nagetif da mijinta fozitif: ana yi mata allurar anti-D a mako 28 na ciki, da kuma cikin awa 72 bayan haihuwa ko ɓari. Ke wannan bai shafe ki ba.

Jinotayif shi ne AA, AS, AC, SS, SC, kuma shi ke faɗin sikila. Mai AS lafiyarsa ƙalau, ɗauke kawai yake da ita. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da ɗaya cikin huɗu na zama SS. Kowane ciki, ba ɗa ɗaya cikin huɗu ba: ana iya haifar uku a jere duk SS, ana iya haifar shida babu ko ɗaya. AS da AC ma suna iya haifar SC, ita ma sikila ce. Ku yi gwajin a ɗakin gwaji na asibiti, kowa ya je da ƙafarsa ya karɓi takardarsa da hannunsa, ku maimaita a wani wurin daban tun kafin a sa rana. Wanda aka yi wa ƙarin jini kuma ya jira wata uku, don jinin da aka ƙara masa na iya sa SS ya fito kamar AS.